Kishin Makaranta da Dawowa Gida: Yadda Sabuwar Shekarar Karatu Ke Farawa a Ƙasar Yauri

 Ga waɗanda data ba ta bari sun saurari murya ba, ga rubutaccen shirin wannan makon kamar yadda muka saba kawo muku.

Yau maganar makaranta za mu yi. Duk wanda ya yi sakandare a ƙasar nan ya san yadda watan Satumba yake: tela ya cika da ɗinkin yunifom, ana fentin suna a jikin akwatin ƙarfe, uwa tana ɗaura garin kwaki da ƙuli-ƙuli da yaji a leda, uba kuma yana lissafin aljihu. To a daidai wannan lokacin ne idan ka leƙa TikTok ko Instagram za ka ga yaran Amurka sun cika ko'ina da hotunan wani biki da suke kira homkomin, wato dawowa gida. Da yawa cikinku sun gani, wasu har sun ce ina ma a ce mu ma muna da irinsa.

Tambayarmu ta yau ke nan. Mene ne wannan biki? Muna da irinsa ko ba mu da shi? Kuma me kalmar dawowa gida take nufi ga ɗalibin da ke Yelwa, ko Wara, ko Shanga, ko wani tsibiri a tsakiyar tafkin Kainji?

DAGA INA BIKIN YA SAMO ASALI?

A jami'o'in Amurka aka fara shi, shekara ɗari da 'yan kai da suka wuce. Har yau ana gardamar wa ya riga wa. Jami'ar Baylor tana kafa hujja da 1909, ta Illinois da 1910, ta Missouri kuma da 1911. Na Missouri ya fi shahara. A shekarar ne shugaban sashen wasanninta, Chester Brewer, ya yi kira ga tsofaffin ɗalibai su dawo su kalli wasan ƙwallon Amurka tsakaninsu da abokan hamayyarsu na Kansas. Mutum sama da 9,000 suka hallara, aka yi jerin gwano, aka yi gangami. Daga jami'o'i abin ya gangaro makarantun sakandare, har ya zama al'ada.

Yadda ake yi a yau: makarantu suna komawa a watan Agusta ko farkon Satumba. Bayan 'yan makonni sai a ware mako guda. Kowace rana da irin shigar da ɗalibai za su yi. A tara kowa a filin wasa ana kiɗa ana zuga 'yan ƙwallon makaranta. Ranar Juma'a da dare a buga wasa a gida, a zaɓi sarki da sarauniyar biki daga cikin ɗalibai, washegari a yi liyafa.

Abin da kyamara ba ta cika nuna muku ba shi ne amfanin da makarantar ke samu. Na farko, sabon ɗalibi da ya shigo yana rarraba ido, kafin wata biyu ya fara cewa makarantarmu. Na biyu, tsohon ɗalibin da ya dawo ya ga ajinsa, ya gaisa da malaminsa, shi ne gobe zai sa hannu a aljihu. Makarantun Amurka, musamman jami'o'i, suna tara kuɗi mai yawa daga tsofaffin ɗalibansu, kuma irin wannan mako yana cikin hanyoyin da suke riƙe zumuncin. Rawa da kambi ado ne kawai. Ƙashin bayan abin shi ne haɗa wanda ya fita da wanda yake ciki.

TO MU FA?

Muna da namu, sai dai ta hanyar Ingila ya zo mana. Makarantun kwana na Turawan Ingila suna raba ɗalibai gida-gida, kowane gida da sunansa da launinsa da kyaftin ɗinsa. Da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1921, wadda ta koma Kaduna, daga baya ta zauna a Zariya ta zama Barewa, irin wannan tsari aka bi, sauran makarantun Arewa kuma suka ɗauka. Shi ya sa har yau ko makarantar jeka-ka-dawo ce, wadda babu ɗakin kwana ko ɗaya, za ka tarar da jan gida da koren gida da shuɗi da rawaya.

Wanda ya taɓa tsayawa a filin inta-haus ya san mene ne kishin makaranta ba sai an fassara masa ba. Yaron da ko magana ba ya yi a aji, ranar gudun ba-ni-in-ba-ka muryarsa sai ta dushe. Maci, kadet, gasar muhawara, kacici-kacici, wasan kwaikwayo, musabaƙa, ranar ba da kyaututtuka, duk a nan kishin yake tsirowa.

Ɓangaren tsofaffin ɗalibai ma muna da shi. Ƙungiyar tsofaffin ɗaliban Barewa, BOBA, sananniya ce, kuma ba mamaki: makarantar da ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Yakubu Gowon da Murtala Muhammad da Shehu Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa. Rumfa a Kano tana da tata. Makarantun haɗin kai na Gwamnatin Tarayya, waɗanda aka fara da guda uku a 1966 a Sakkwato da Warri da Okposi, suna da babbar ƙungiyarsu USOSA. Manufar kafa su ita ce ɗan Kabi ya kwana ɗaki ɗaya da ɗan Inugu da ɗan Ibadan, su ci gabza a kwano ɗaya, su tashi suna ganin juna 'yan'uwa. Ɗaya daga cikin irin waɗannan makarantu tana Birnin Yauri, a ƙaramar hukumar Ngaski. Ku riƙe wannan, za mu dawo kanta.

Bambancinmu da Amurkawa ɗaya ne, amma babba. Su tsohon ɗalibi makarantar yake komawa, ranar da ɗalibai suke ciki. Mu kuwa yawancin haɗuwarmu a guruf ɗin WhatsApp take ƙarewa, ko a ɗakin taro na otal a Birnin Kebbi ko Sakkwato ko Abuja. A yi anko, a ci kaza, a yi hoto, a tuna sunan barkwancin da aka sa wa malamin lissafi, a watse. Yaron da ke zaune a kujerar da ka bari bai ma san an yi ba.

MAKON FARKO, DA ABIN DA AKE KIRA AL'ADA

Bari mu tsaya a nan kaɗan, don akwai abin da ake cusawa cikin kishin makaranta alhali ba ya ciki.

Yaro ɗan shekara 11 ko 12 ya baro ƙauyensu karon farko. Wataƙila ma Hausa ba ita ce harshensa na gida ba, domin ƙasar Yauri gida ce ta Gungawa da Kambari da Shangawa da Dukawa da Lopawa da Fulani da Hausawa da sauransu. Ya shigo da akwatinsa, daren farko siniya ya kira shi. Buɗe akwati. A kwashe sukari da madara. Je ka ɗebo min ruwa, wanke min kaya, yi tsallen kwaɗo, kama kunne. Idan ya yi kuka a ce masa haka muka tarar, kai ma in ka girma ka rama.

Ku lura da wannan kalma, ka rama. A kan wa zai rama? Ba a kan wanda ya zalunce shi ba, a kan wani yaron da bai shigo ba tukuna. Haka bashin yake tafiya daga aji zuwa aji. Kuma yaron da aka fi yi wa shi ne wanda ba shi da yaya a makarantar, wanda karin harshensa ya bambanta, wanda iyayensa ba su da kuɗin mota ko na jirgi su zo bizitin. Wani daga hutun tsakiyar zango ba zai sake dawowa ba. A gida a ce ba ya son boko, alhali tsoro ne ya kore shi.

Girmama na gaba tarbiyyarmu ce, aikin shara da tsaftar ɗaki horo ne mai kyau. Ƙwace da duka kuwa sunansu cin zali, ko shekara nawa aka yi ana yi. Kuma a cikin tsarin namu akwai maganin abin: uban ɗaki da uwar ɗaki. Asalin wannan al'ada shi ne babban ɗalibi ya ɗauki ƙarami a ƙarƙashinsa, ya nuna masa dainin, ya koya masa ɗaure gidan sauro, ya tsare masa faɗa. Idan makaranta ta mayar da wannan aiki a hukumance, aka rubuta wane ke kula da wane, malamin gida yana bibiya, to rabin matsalar ta kau. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Shekara shida ta sakandare, makon farko ne Larabarta.

SATUMBA A BAKIN RUWA

Yanzu mu zo kan abin da ya keɓanta da wannan yanki.

An gina madatsar Kainji tsakanin 1964 da 1968. Ruwa ya taru ya yi tafkin da tsawonsa ya kai kimanin kilomita 130, aka tashi mutum sama da 40,000 daga garuruwansu da tsibiransu aka sake musu matsuguni. Tsohuwar Bussa ta nutse. Gungawa da yawa da suka saba zama a tsibirai aka fito da su tudu. Wato akwai kakanni a wannan yanki da in ka ce musu dawowa gida, gidan da suke tunawa yana ƙarƙashin ruwa.

Kogin Kwara a nan cika biyu yake yi a shekara. Akwai farin ruwa, wanda ruwan damina na kusa ke kawowa, mai laka, daga wajen Agusta zuwa Oktoba. Akwai baƙin ruwa, wanda ke tasowa tun daga tsaunukan Gini, ya ratsa Mali da Nijar, bai iso nan ba sai cikin sanyi. Ka ga ke nan ranar komawa makaranta tana faɗawa tsakiyar farin ruwa. Hanyoyin ƙauye sun lalace, rafuka sun kawo, wanda ke tsibiri ko ƙetare dole ya shiga kwalekwale ko jirgin inji, da shi da akwatinsa da katifarsa.

Mutanen Ngaski ba su manta da 26 ga Mayu 2021 ba, ranar da jirgin da ya taso daga jihar Neja ɗauke da mutum sama da 150 ya nutse a kusa da Wara. Rayuka masu yawa suka salwanta, Allah ya jiƙansu. Dalilan da ake ambata a irin wannan haɗari kusan kullum ɗaya ne: lodi fiye da ƙima, tsohon jirgi, kututturan itatuwa a ƙarƙashin ruwa, tafiyar dare, rashin rigar kariya. Hukumar NIWA ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sa rigar. To amma ɗalibai nawa ne rigar ruwa take cikin jerin kayan da aka rubuta musu su zo da su?

Sai kuma gona. Satumba da Oktoba lokacin girbi ne, gero ya nuna, shinkafa na tafe, ana shirin albasar rani wadda aka san Yauri da ita. Magidancin da ke da 'ya'ya uku a sakandare yana kallon hannu shida ne da zai rasa a gona. Shi ya sa malamai a karkara suka san makon farko da na biyu aji ba ya cika. Ga 'ya'yan masunta da ke bin kifi daga wannan sansani zuwa wancan. Hukumar ilimin makiyaya da aka kafa a 1989 an faɗaɗa aikinta ya haɗa da su, amma daga firamare zuwa sakandare akwai babban rami. Ga kuma haƙar zinariya a yankin Yauri da Ngaski. Saurayin da ya je ramin haƙa a dogon hutu ya riƙe kuɗin da bai taɓa riƙewa ba, da wace magana za ka dawo da shi aji ya zauna a ƙasa? 'Yan mata kuma, dogon hutun da ke tsakanin aji uku na ƙaramar sakandare da aji ɗaya na babba, nan ne ake yawan rasa su, ko ta talla ko ta aure.

Don haka a nan, kafin a tambayi wane gida ne zai ci kofi bana, akwai tambayar da ta riga ta: waye bai dawo ba?

RANAR 17 GA YUNI 2021

Mako uku kacal bayan haɗarin Wara, ranar Alhamis da rana tsaka, 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri. Suka kashe ɗan sanda, suka tafi da gomman ɗalibai da wasu malamai. An riƙa sako su rukuni-rukuni, wasu a Oktoban 2021, wasu a Janairun 2022. 'Yan mata 11 suka rage a daji. Iyayensu suka kafa kwamiti, suka yi ta roƙon jama'a, wasu suka sayar da abin da suka mallaka. Sai a 2023 na ƙarshensu suka fito, bayan kusan shekara biyu.

Jama'a, in ana maganar dawowa gida a ƙasar Yauri, wannan ce dawowar da ba za a manta ba. Babu kambi, babu jerin gwano, sai uwa da ta rungume 'yarta tana kuka.

Kuma abin bai tsaya nan ba. A Nuwamban 2025 aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga a Danko-Wasagu, aka kashe mataimakin shugaban makarantar, aka tafi da ɗalibai 25. Kwana huɗu bayan haka aka kwashe yara sama da 200 daga makarantar St. Mary's ta Papiri a Agwara, jihar Neja. Wanda ya san mashigar Zamare zuwa Rofia ya san Agwara ƙetaren ruwa ce kawai. Gwamnatin Tarayya ta ba da umarnin rufe makarantunta sama da 40 a lokacin.

Duk ranar da aka rufe makaranta, mai hali zai kai ɗansa ta kuɗi a birni. Ɗan talaka gida zai zauna, kuma ba duka ne za su koma ba ranar da aka buɗe. Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar kare makarantu da aka ƙulla a Oslo a 2015, har ta karɓi baƙuncin babban taronta a Abuja a Oktoban 2021. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ware 9 ga Satumba a matsayin ranar kare ilimi daga hare-hare. Tsaro haƙƙi ne a wuyan gwamnati, babu ƙungiyar tsofaffin ɗalibai da za ta ɗauke mata shi. Amma makarantar da ke da masu magana da yawunta ba ta zama ɗaya da wadda ba ta da kowa.

ABIN DA ZA A IYA YI

Ba sai mun ari rigar Amurkawa ba, domin Yauri ta riga ta iya kiran 'ya'yanta gida. Ku dubi Rigata. Biki ne da ya samo tushe daga jarumtakar Gungawa a kan ruwa, yau ya zama tseren kwalekwale da ninƙaya da kiɗa, ga Mai Martaba Sarkin Yauri Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi da manyan baƙi a bakin kogi. Ɗan Yauri na Legas da na Kaduna da na Abuja duk suna tahowa. Haka Sallah ƙarama da babba. Mutanen suna zuwa, motocinsu ma suna wucewa ta ƙofar tsohuwar makarantarsu. Abin da ya rage shi ne su taka birki.

Ga shawarwari guda biyar, babu wadda take buƙatar miliyoyi.

Ta farko, kowace makaranta ta sa rana ɗaya tabbatacciya a zangon farko, ranar tsofaffin ɗalibai, a cikin harabarta, ɗalibai suna nan. In zangon farko ya yi wuya, a jingina ta da makon Rigata, tunda mutane suna gari.

Ta biyu, kafin a ci abinci a zaga. A shiga ɗakin kwana, a leƙa banɗaki, a duba rijiyar burtsatse, a bi katanga a ga inda ta faɗi, a tambayi maigadi ko yana da waya da fitila. Abin da aka gani a rubuta, a kai wa kwamitin SBMC da ma'aikatar ilimi da 'yan majalisar yankin. Abin da ya shafi ruwa a kai wa HYPPADEC, hukumar da aka kafa domin yankunan da ke da madatsun lantarki, wadda Kebbi ke cikinta. Takarda mai sa hannun mutum ɗari ta fi ƙorafin Facebook nauyi.

Ta uku, rajistar waɗanda ba su dawo ba. Bayan mako biyu da buɗewa, a karɓi sunaye daga malaman aji, a raba wa tsofaffin ɗalibai 'yan unguwa ɗaya ko ƙauye ɗaya. A je gida a gaisa, a ce Baba lafiya ba mu ga wance ba? Sau da yawa abin da ya tsayar da yaro bai wuce yunifom ko takalmi ko kuɗin jirgi ba.

Ta huɗu, rigar ruwa. Ajin da ya iya haɗa kuɗin anko zai iya sayen riguna ashirin ya ajiye a mashigar da ɗalibai ke bi.

Ta biyar, ku shiga aji ku yi magana. Ke da kika zama nas, kai da ka karanci kiwon kifi a New Bussa, kai mai gyaran sola, ke malamar jami'a. Yarinyar da ke tunanin barin karatu, ganin wadda ta fito daga tsibirinsu sanye da farar riga ya fi mata wa'azin awa guda.

Ku kuma da kuke ciki yanzu, musamman 'yan aji shida, hed boi da hed gel da kyaftin-kyaftin na gidaje, kishin makaranta a hannunku yake. Kuna iya zama ajin da bashin duka ya tsaya a kansa. Ƙanin da ka kare yau, shi ne zai tashi tsaye in an ambaci sunanka nan da shekara ashirin.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Makaranta ma gida ce. Ku gaya mana, wace makaranta kuka yi, wane gida kuka zauna, kuma yaushe rabonku da taka ƙofarta? Ku tura wa 'yan ajinku wannan rubutu, a fara maganar daga nan.

Allah ya tsare mana ɗalibai a hanya, a ruwa da a ɗakin kwana, ya ba iyaye ikon ɗaukar nauyi, ya saka wa malamai da alheri.